Malamin Makaranta Kuma Marubuci: In Ajiye Koyarwa Ne?

Wani malamin makaranta daga cikin birnin Kano ya aiko da doguwar wasiƙa, ga abin da ta ƙunsa a taƙaice:

"Ni malamin labarin ƙasa ne a wata sakandaren gwamnati, shekarata 12 ina koyarwa, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Na buga littattafan ƙagaggun labarai biyu da kuɗin aljihuna. Na farko ya ɗan yi kasuwa, na biyu kuwa har yau kwalayensa suna ƙarƙashin gado, na uku kuma ya tsaya mini a tsakiya shekara uku ke nan. Ban da rubutu ina ɗaukar hotunan ganuwa da tsofaffin ƙofofin gari, ina tara waƙoƙin makaɗan da, ina gabatar da wani shiri a rediyo duk Asabar ba tare da an biya ni ba, na kuma soma koyon Faransanci. Yayana ya ce taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Maiɗakina ta daina yi mini maganar littafi tun ranar da kuɗin adashinmu suka tafi maɗaba'a. Zuciyata tana raya mini in ajiye aiki in rungumi rubutu gaba ɗaya. In ajiye ne, ko in haƙura da rubutun, ko kuwa in watsar da sauran abubuwan?"

Malam, amin wa alaikumus salam. Amsar tambayarka ta farko ita ce kada ka ajiye aikin, aƙalla ba yanzu ba, kuma ba bisa dalilin da ka kawo ba. Ka ɗora laifin tsayawar littafinka a kan koyarwa, amma wasiƙar da ka rubuta da hannunka ta wanke koyarwa daga wannan zargi. Mutumin da yake da sararin shirya shirin rediyo kowane mako, da zagaya badala da kyamara, da haddar kalmomin Faransanci, ba za a ce lokaci ne ya yi masa ƙaranci ba. A cikin shekara ukun da ka ambata an yi dogon hutu sau uku, ban da hutun ƙarshen zango da na salla, kuma littafin yana nan a babin da ka bar shi. Idan ka miƙa takardar ajiye aiki gobe, abin da ya hana ka wuce wannan babi zai bi ka har gida, sai dai a wannan karon zai tarar da kai babu albashi.

Da na gaba ake gane zurfin ruwa. Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun malaman makaranta ya fara tsayawa da ƙafafunsa. Lokacin da Rupert East, wani Bature jami'in ilimi, ya shirya gasar rubutu ta 1933 a ƙarƙashin Hukumar Fassara da ke Zariya, Abubakar Imam, wanda ya rubuta Ruwan Bagaja, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Yayansa Malam Bello Kagara, mai Ganɗoki, shi ma malami ne a Katsina, haka nan Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shehu Umar, yana koyarwa a Midil ta Bauchi. Abin da na fi so ka lura da shi shi ne yadda aka samu Magana Jari Ce. Imam bai ajiye aiki don ya rubuta shi ba. Aro shi aka yi zuwa Zariya a 1936 na 'yan watanni, ya zauna ya kammala aikin, ya koma aji, kuma bai rabu da alli ba sai da aka kira shi ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairun 1939. Ya bar aiki mai albashi ne zuwa wani aikin mai albashi, bayan rubutunsa ya riga ya nuna abin da zai iya. A nan Kano ma ba sai an je nesa ba, Farfesa Yusuf Adamu na Jami'ar Bayero fanninku ɗaya da shi, labarin ƙasa yake koyarwa, amma ya rubuta ƙagaggun labarai da Hausa da waƙoƙi da Turanci, kuma bai bar aji ba.

Za ka iya cewa ai akwai waɗanda suka rayu da alƙalami kaɗai a garin nan, kuma da gaskiyarka. A shekarun 1990, lokacin da adabin da ake kira na kasuwar Kano yake ganiyarsa, marubutan ƙungiyar Raina Kama irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu sun sayar da littattafai masu yawan gaske, ana karanta su a rediyo, ana ba da hayarsu a unguwanni, ana lodinsu zuwa wasu jihohi har da Jamhuriyar Nijar. Amma ko a wancan zamani, da yawa daga cikinsu sun haɗa rubutun da wallafa, ko sayar da littafi, ko shirya fim, domin ribar littafi ita kaɗai ba ta cika riƙe gida ba. Yau kuwa kasuwar ta sauya fuska, kuma kai ka fi ni sani tunda ka ɗanɗana. Kai za ka biya mai buga rubutu a kwamfuta, ka biya mai zanen bango, ka sayi takarda wadda kuɗinta ke bin dala, ka biya maɗaba'a, sa'an nan ka ɗauki kwalaye a adaidaita zuwa Sabon Gari, mai shago ya karɓa ya rubuta a bayan wani tsohon rasit ya ce sai an sayar. Bayan wata biyu ka koma ya ba ka na kwafi goma sha wani abu, bayan wata shida ya ce ka zo ka kwashe saura domin sun tare masa wuri. Masu karatun kuma, musamman mata da 'yan mata waɗanda su ne ƙashin bayan wannan kasuwa, sun koma waya. A WhatsApp da Wattpad da Facebook suke karatu, wasu kuma saurare suke yi a YouTube. Akwai marubutan da suke samun kuɗi ta nan, suna buɗe rukuni a biya kafin a shiga, amma sharaɗinsa shi ne ka riƙa sakin shafuka kusan kullum ba fashi, kuma ka haƙura da ganin an kwafe maka labari an watsa shi kyauta kafin ka kai ƙarshensa. Wanda babi ɗaya ya tsare shekara uku bai shirya wa wannan tseren ba tukuna.

Na san albashin malami ba ya kai wata, kuma ba zan yi maka daɗin baki a kansa ba. Duk da haka yana zuwa, akwai fansho a bayansa, kuma da shi ake auno hatsi a gidanka. Yana kuma saya maka wani abu da marubucin da ya dogara da kasuwa ba shi da shi, wato 'yancin rubuta abin da kake so a cikin lokacin da labarin yake bukata. Wanda cefanen gobe ya rataya a kan shafin da zai saki yau, dole ya bi abin da masu biya suke so, ko da ya san labarin ya ƙare tun babi goma da suka wuce.

Akwai kuma abin da aji yake ba ka wanda ba na jin ka lissafa shi. Kowace safiya kana tsayawa gaban yara masu yawa daga gidaje daban-daban: ɗan mai kayan miya, ɗan alƙali, marayan da kakarsa ke riƙo, da wanda yake zuwa a makare kullum domin sai ya kai wa mahaifiyarsa niƙa ya dawo. Kana jin Hausar da suke yi a bayan aji, wadda ta sha bamban da wadda muka tashi da ita. Kana ganin yaron da ya iso da takalmi ƙafa ɗaya a ɗinke da waya, yana ɓoye shi a ƙarƙashin benci, kana kuma zama a ɗakin malamai inda ake musun siyasa da lissafin bashi a kan kofin shayi ɗaya. Marubucin da ya kulle kansa a ɗaki sai ya yi tattaki kafin ya ga rabin wannan. Sai dai akwai amana a ciki, kuma zan faɗe ta ƙarara. Sirrin da ɗalibi ya gaya maka don kana malaminsa ba kayan labari ba ne, sai idan ka sauya shi ta yadda ko shi kansa ba zai gane ba. Lokacin darasi na yara ne, ba a rubuta babi a cikinsa. Kada kuma ka taɓa sa ɗalibanka sayen littafinka, ko da da sigar shawara ce, domin yaron da makinsa ke hannunka ba ya iya ce maka a'a.

Sai maganar yawan abubuwan da ka sa a gaba. Yayanka yana da rabin gaskiya. Marubucin labari yana bukatar sanin abubuwa barkatai fiye da kowane mai sana'a, domin mutanen da yake ƙirƙira dole su yi sana'o'i, su san unguwanni, su yi waƙa, su yi jinya. Ta wannan fuska son saninka dukiya ce, kuma ba zan ce ka kashe shi ba. Inda yayanka ya yi daidai shi ne ka ba kowane ɗaya daga cikin abubuwan nan matsayin sana'a mai cin kanta, kowanne yana neman ranarsa da kuɗinsa, alhali ya kamata a ce ɗaya ne uban gida, sauran suna yi masa hidima. Tunda ka ce rubutu ne abin da zuciyarka ta fi karkata gare shi, to a auna sauran da shi.

Ɗauki ganuwa, wadda a ganina ita ce mafi daraja a cikin abin da ka lissafa. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, aka faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, kuma yau kowa yana ganin yadda take zaizayewa, ana yanka filaye a jikinta, ana cike kududdufan da aka haƙa don gina ta da gidajen birni, ruwan da suke shanyewa da damina kuma yana komawa cikin gidajen mutane. Kai malamin labarin ƙasa ne, ka san dalilin da ya sa unguwar da ba ta san ambaliya ba a da take kwana a tsaye cikin watan Agusta. Marubuta ƙalilan ne suke da wannan ilimin tare da iya ba da labari. Iyalin da suka sayi fili a kan cikakken kududdufi, da dillalin da ya sayar musu, da mai unguwar da ya sa hannu, da tsohuwar da ta tuna lokacin da ake kamun kifi a wurin, waɗannan mutanen littafi ne, kuma hotunan da ka tara su ne za su tuna maka yadda wurin yake. Idan ka bi ta nan, fitarka da kyamara ta zama bincike. Tara waƙoƙin makaɗa ma haka, yana gyara kunne, yana koya wa marubuci yadda ake sarrafa Hausa, kuma ba ya cin lokaci tunda ana iya saurare a hanyar makaranta.

Shirin rediyo kuwa, ina ba ka shawara ka dakatar da shi har littafin ya kammala. Yana cinye maka ranar Asabar, wadda take ɗaya daga cikin 'yan ranakun hutun da malami yake da su a mako, yana cinye daren Juma'a wajen shiri, ba a biyanka, kuma yana ba ka wani abu mai haɗari ga marubuci: yabo na nan take. Ka yi magana minti talatin, kafin ka iso gida an kira ka an ce Malam ka burge. Littafi ba ya yin haka, sai ka shekara kana fama ba wanda ya ce maka sannu. Ina kyautata zaton wannan ne ya sa duk lokacin da babin nan ya gagara sai wata sabuwar sha'awa ta ɓullo, domin farkon kowane abu yana da daɗi, tsakiyarsa ce take da wuya. Faransanci ba zai gudu ba, ka ajiye shi zuwa baɗi.

Game da littafin kansa, ba ka gaya mini abin da ya tsayar da shi ba, amma labari yakan tsaya a tsakiya ne bisa ɗayan dalilai kaɗan. Ko dai marubucin bai san ƙarshensa ba tun farko, ko tauraron labarin ya samu abin da yake nema da wuri har babu sauran abin da zai ja mai karatu, ko kuma labarin ya kai wani wuri da marubucin yake jin nauyin faɗar gaskiya saboda tsoron abin da za a ce a gari. Ka ɗauko abin da ka rubuta ka karanta shi daga farko a zama biyu ko uku ba tare da ka gyara ko wasali ba, sa'an nan ka rubuta a takarda guda abin da kowane mutum a cikin labarin yake so da abin da ya tare masa hanya. Inda ka kasa cike wannan takarda, nan ciwon yake. Bayan haka ka yanke wa kanka lokaci ƙarami wanda ba ya motsi. Ga mafi yawan malamai, tsakanin sallar asuba da shirin fita ne, kafin yara su tashi, kafin hayaniyar aji da makin takardu su tsotse ƙwaƙwalwa. Shafi ɗaya a rana ya isa, da biro a littafin rubutu idan babu wuta, waya kuma tana wani ɗakin. Wanda ya riƙe shafi ɗaya a rana na zango biyu ya wuce shafi 150, dogon hutu kuma ya zama na gyara. Ka kuma nemi masu karanta maka waɗanda ba sa jin kunyarka. Reshen Kano na Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa suna zaman karatu inda ake karanta aiki a yi masa gyara, kuma sanin cewa za ka karanta babi a gaban mutane ranar kaza yana sa alƙalami gudu fiye da kowace niyya.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne layin da ka rubuta a kan maiɗakinka, ka wuce shi kamar ba komai ba. Ka ce kuɗin adashinku ne, ba naka kai kaɗai ba, ka kuma ce tun ranar ta daina maganar littafi. Shirun nan ba ƙin rubutu ba ne. Mace ce da ta ƙuntata wa kanta wata da watanni tana zubi, wataƙila da niyyar kuɗin makarantar yara ko wata bukata tata, ta wayi gari kuɗin sun zama kwalaye, kuma kullum ta sunkuya shara sai ta gan su. Idan ba da cikakkiyar yardarta ka ɗauka ba, to bashi ne a kanka, kuma ya kamata ka kira shi da sunansa. Ka zaunar da ita, ka faɗi adadin kasonta, ka gaya mata nawa za ka riƙa cirewa daga albashi kowane wata har ka biya, ka kuma yi mata alkawarin cewa kuɗin gida ba za su sake shiga maɗaba'a ba, littafi na gaba sai dai ya buga kansa daga abin da rubutu ya kawo. Kada ka kawo mata zancen ajiye aiki a wannan zama, kuma kada ka nemi ta karanta sabon babi a ranar. Ba ka da abokin tafiya a wannan harka da ya kai ta, domin ita ce za ta kare maka sa'ar asubar nan daga yara da masu sallama, amma ba za ta yi haka da zuciya ɗaya ba sai ta ga rubutun ya daina ci daga tukunyarta.

Shi kuwa Yaya ba ya bukatar dogon bayani, kuma musu da shi ba zai ƙara maka komai ba. Ka je ka gaishe shi, ka ce ka ji maganarsa, ka rage wasu abubuwan, aikin gwamnati kuma kana nan a kansa. Abin da yake tsoro ke nan, kada wata rana nauyin gidanka ya dawo wuyansa, kuma tsoro ne mai dalili.

Ban ce har abada ba za ka bar koyarwa ba. Idan littafi na uku ya fito, ka ga shekara biyu a jere abin da rubutu yake kawowa, ko ta sayar da littafi, ko rubuta labarin fim, ko fassara, ya kai albashinka, kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata shida, maiɗakinka kuma ta amince, to a lokacin tambayar ta cancanci a sake ta. Ko a lokacin ma, ka fara bincika wa hukumar da ke kula da makarantunku ko ƙa'idar aiki ta ba ka damar hutun da ba albashi, ka gwada shekara guda ƙofa tana buɗe a bayanka, kafin ka rubuta takardar da ba a janye ta.

Saura kwalayen da ke ƙarƙashin gado. Barinsu a nan asara ce biyu, ga gara da danshin damina, ga kuma ɓacin ran da suke tayarwa a ɗakin. Ka fito da su a makon nan ka ƙirga waɗanda suka tsira. Ka ware kaɗan na ajiya, ka kai wasu Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da Sashen Harsunan Najeriya na Jami'ar Bayero da kwalejojin ilimi, inda ɗalibai kullum suke neman littafin da za su yi nazari a kansa, ka ba masu karanta littafi a rediyo da YouTube kwafi tare da rubutacciyar yarjejeniya a kan abin da za su ba ka, saura kuma ka karya farashinsu ka sayar a taron marubuta. Duk abin da ya shigo daga cikinsu, ko naira dubu biyu ce, ka miƙa wa maiɗakinka a matsayin biyan farko. Idan ka kai ƙarshen babin da ya tsare ka, ka sake rubuto mini in ji abin da ya warware shi. Allah ya yi jagora.